Jirgin Malam da Tsakuwar Stapleton

Shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana, Allah ya jiƙansa. Bana yara sun sa ni gaba a kan a cire layin dogon jirgin wasan da ya bari a bayan gidanmu na unguwar Stapleton, a nan ƙasar Turawa, wai gwiwoyina sun gaji da durƙuso. Shi ya sa nake ta tunaninsa, rabin tunanin kuma dariya ce.

Malam magini ne, ɗan ma'aikacin reluwe a Zariya. Ranar da muka samu gida mai ɗan fili, ni yakuwa da tattasai na hango, shi kuwa tasha. Ya sayo jirgin wasa mai tarago uku, ya riƙa dawowa daga aiki da duwatsu a jaka, har ya tara tudun da ya raɗa wa suna Kufena, sunan dutsen Zariya. Na ce, "Malam, da furfurarka?" Ya ce, "Hajiya, ke dai kawo ruwa."

Ya shimfiɗa layin, ya ɗaure shi tamau da siminti yadda ake daɓe a gida. Maƙwabcinmu, wani tsohon Bature, ya leƙo ta shinge ya ce ƙasar nan tana kumbura in ta daskare, a zuba tsakuwa kawai. Malam ya yi masa murmushin tausayi, wai shi za a koya wa siminti? To, wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Da ƙanƙara ta narke, daɓen ya tsattsage, layin ya yi doro. Ya tara abokansa na masallaci kallon tashin farko, jirgi ya yi taku biyu ya kife cikin albasata. Wallahi har hawaye na yi don dariya, shi ma daga baya ya taya ni.

Washegari ya ɗauki guduma ya fasa aikin hannunsa. Ya haƙa ɗan rami, ya zuba tsakuwa ƙanana masu kaifi, ya ɗora layin a sake. Siminti sai ga gada da gindin duwatsu. Tun daga nan, duk bazara sai ya durƙusa ya ƙara tsakuwa, ya daidaita da buroshi yana ƙwala sunayen tashoshi.

Da zai ga yau, da ya yi tsaki a kan jirgin da jikoki ke tuƙawa da waya. Amma abin da zai fi ba shi mamaki ni ce, mai mitar filin yakuwa, riƙe da buroshinsa shekara bakwai.

Ran Asabar babban ɗanmu ya zo da shebur, da niyyar kwashewa. Ban yi gardama ba. Na ce, "Babana, bari ya zaga sau ɗaya tukuna." Jirgi ya tashi, ya zo kwanar Kufena ya cije. Kafin in motsa, sai ga ɗan nawa a durƙushe da wandon ofis, yana tura tsakuwa da yatsa yana faɗa, "Wa ya bar nan ya lotsa haka?" Muryar ubansa sak. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Na yi kewar Malam a lokacin, kewa mai daɗi. Ashe ba jirgi ya bar mana ba, aikin da ba ya ƙarewa ya bari, kuma ga mai karɓa. Da yamma yaron ya tafi da sheburinsa, ya dawo da buhun tsakuwa biyu.