Na Sallama San Nomana

Jama'a, ku ji abin da ya same ni yau a kasuwar Batsari!

An ƙara kuɗin jami'a. Na ja san nomana, shi kaɗai ɓarayin daji suka bar mini, don ɗana Lawal ya yi rajista. Mahauci ya taya, na ce albarka. Ya ƙara, na ce na sallama.

Ina miƙa igiya sai ga wayar Lawal.

"Baba, kada ka sayar! Mun yi zanga-zanga, an kore ni, wai ni na ja gaba."

Na ce wa mahauci, "Malam, karɓi kuɗinka."

Ya ce, "Haba Baba, gaban shaidu ka sallama!"

Ruwa ya sauka, ban yi huɗa ba. Don Allah, wa zai ara mini sa?