Sauran Numfashin Gwaggo

"Hajiya, busa! Fitar da iskar duka!" in ji likita jiya, ya sa mini bututu a baki. Na busa har idona ya yi ja. Ya ce komai ƙoƙarin mutum, akwai iskar da ba ta barin huhu.

Na tuna Jibiya, kafin Turawa su tafi.

Ina amarya lokacin. Gwaggona ta taso daga Maraɗi a kan jaki, tana isowa da hantsi rai ya yi halinsa. Inna Tabawa ce mai wankan gawa, ni nake zuba mata ruwa. Muna juya Gwaggo, sai ta yi doguwar ajiyar zuciya, irin wadda takan yi in ta sauke tulu. Iskar ta taɓa hannuna.

Na saki buta. "Inna, da ranta!"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Zuba ruwa, ɗiyata. Saura ne. Kowa na da nashi, ba ya hita sai mai shi ya tahi."

Tun jiya nake dafa ƙirjina. Nawa yana nan, yana jira. Ko hannun wa zai taɓa?

Cikinku akwai wanda ya taɓa jin haka?