Malam Uzair da Baturan Zangonmu

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Alhamis, 14 ga Rajab 1437, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Malam Uzair Dawuda a cikin tsohuwar bas ɗinsa, a zangonmu da ke bayan unguwar Shisha a Makka, kan hanyar Ɗa'ifa. An sallace shi a Harami. Na yi wata biyu kafin na iya rubuta wannan, don abin da zan faɗa zai raba ni da wurina.

Mu gida goma sha ɗaya ne, kowa motarsa ce ɗakinsa. Muna zaga Madina da Ɗa'ifa mu dawo, kowane mamba da makullinsa na ƙofar zango. Dokarmu ita ce kowace Juma'a bayan la'asar kowa ya tayar da injinsa. Motar da ta ƙi tashi Juma'a biyu a jere ta zama kwangiri, sai mai ita ya fita, kada hukuma ta ɗauke mu a matsayin juji.

Malam Uzair, kai ka koya mini juya hancin mota gabas don ɗaki ya sha iska. Da matata ta kwanta ciwo a Madina, kai ka tuƙo mu har gida. Duk da haka ban taɓa sakin jiki da kai ba. Ni mutum ne da in aka yi mini alheri sai na nemi inda aka ɓoye ƙugiya.

Sai na fara ganinka da rana tsaka, lokacin da kowa ke barcin ƙailula, kana buɗe bonet ɗin motocin mutane da gora a ƙarƙashin riga. Na ƙirga kwanaki, na leƙa ta labule. Na yanke hukunci cewa mai kake zuƙa. Na tsaya gaban taro na faɗa. Shugabanmu Mukhtaru ya tambaye ka, ka ce, "Ma'alesh, ku yi haƙuri, ya jama'a. Ba zan sake taɓa motar kowa ba." Na ɗauki wannan a matsayin amsa laifi, har na ji daɗi.

Juma'a ta shida bayan rasuwarka motoci huɗu suka ƙi tashi, har da tawa. Rabi'u makanike ya zo daga unguwar Mansur, ya ce baturanmu sun bushe ƙayau, zafin Makka ya shanye ruwansu. Ya tambaya, "Da wa yake zuba muku?" Washegari matarka Safiyatu ta aiko da kwali cike da gorunan ruwan batir, kowace da sunan mai mota. Tawa na ciki, saura rabi.

Har yau ina tuhumarka da abu ɗaya: ka san dokar cewa wanda ya yi wa mamba ƙazafi zai ajiye makullinsa, shi ya sa ka yi shiru. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Allah Ya ba Safiyatu da 'ya'yanka Jibril da Nuha haƙuri. Hajiya Safiyatu, ban nemi ki amsa sallamata ba tukuna. Ranar Juma'a zan karanta wannan a gaban taro, in miƙa wa Mukhtaru makullina.