Tankin Malam Nasidi

A Ƙofar Jatau aka haifi Malam Nasidi, gidan malamai, amma shi aikin ƙarfe ya zaɓa. Ma'aikaci ne a ɗakin gwaje-gwaje na sashen injiniya a jami'a. Tun rasuwar matarsa yake zaune da yayarsa, Safiyatu.

A shekarar 1988 Dakta Inuwa, malami a sashen, ya dawo daga karatu a Turai da burin samar da lantarki daga igiyar ruwan teku. Ya tsara wa kwamfuta lissafin yadda abu mai iyo zai riƙa tashi yana sauka idan igiyar ruwa ta buge shi.

"Malam, kwamfuta ba ta taɓa jiƙewa ba," in ji Dakta. "Sai mun gwada a ruwa kafin mu gaskata ta."

Nasidi ya ƙera dogon tanki na kwano, ya sa faifan katako mai tura ruwa a gefe guda, ya ɗaura jarka a tsakiya. Suka yi ta gwaji. Abin da kwamfuta ta faɗa daban, rawar jarkar daban.

Ana cikin haka malaman jami'a suka shiga yajin aiki, ya kuma yi tsawo. Dakta ya samu aiki a ƙasar waje, ya tafi. Ɗalibai suka watse. Nasidi bai daina zuwa ba. Shi zai buɗe ɗakin, ya share, ya tura ruwa, ya auna. Wani lokaci ya juya zai yi wa Dakta magana, sai ya tarar da kujera kawai.

Wata ranar Talata da hantsi, ya lura ruwan na dukan bangon tankin yana dawowa, yana rikita jarkar. Ashe laifin tankinsa ne. Ya ɗebo tsakuwa ya jibge a ƙarshen tankin kamar gaɓar kogi. Ya sake aunawa. Lissafin kwamfuta da motsin jarka suka zo kusan ɗaya.

Ya fito baranda da sauri. Ba kowa sai awaki.

Da yamma ya gaya wa Safiyatu, tana tankaɗe.

"To, yanzu za a daina ɗauke mana wuta?" ta tambaya.

"A'a, Yaya."

"Allah dai ya sa albarka. Wanke hannu ka ci abinci."

Ya yi ritaya a 1996. Wanda ya gaje shi ya fitar da tankin waje, masu shara suna tara ruwan sama a ciki.