Yabawa, Wadda Ta Ɓoye Dabinonmu Kuma Ta Nuna Wa Duniya

Ni na fara gani. Duk wanda ya ce ya riga ni gane abin da ke cikin kan Yabawa Modu, ƙarya yake, ko da malaminta ne na lakwal, wato makarantar boko. Ni Garbai, mai dabino a kwarin da ke bayan Gure, ban taɓa zama kan bencin lakwal ba, wannan ma faɗa nake ana rubutawa. Amma fari biyu sun wuce ta kaina suka bar ni tsaye, kuma ina da ido.

Tana yarinya ta zo kwari ta tarar ina zubar da dabinon da damina ta ruɓar. Ta ce, "Baba Garbai, kai kana nan kana jiran kamiyon ɗaukar kaya, mai kamiyo yana Gure yana jiran kaya. Wa zai gaya wa wani?" Ranar na ce wa ubanta ya bar ta ta yi karatu. Ku tambaye shi, yana nan da ransa.

Yanzu an ce ta kusa ajiye alli a jami'ar Damagaram. Waɗanda suka zauna gidanta sun ce da asuba take zama gaban odinatar, kwamfutar nan tasu, tana rubutu da Hausa a kan waya da intanet, irin wanda ake karanto mana a rediyo. Daga nan na san ba a bai wa baƙo lambar sirrin waya, ko da ya rantse. Da hantsi tana aji. Da la'asar masu kanti da ƙungiyoyi suna zuwa ta gina musu shafi a intanet. Mace ɗaya, aiki uku! Ni da na sha yashe rijiya da hannu, jin lissafin kawai ya gajiyar da ni.

To ga abin da ya girgiza ni. Dabinonmu na farkon damina ɗanye ne, ba ya jira. In mota ta makara, sai ƙuda da tsami. Shekara ta zo ɗana Tanimu ya dube ni ya ce, "Baba, in na bana ya ruɓe, na bar kwari. Arewa zan yi, in ƙetare hamada neman aiki." Itatuwan da na dasa bayan fari ya cinye min raƙuma ƙaf! In Tanimu ya tafi, wa zai hau? Rairayi ne zai gaje ni.

Na aika aka kira Yabawa. Ta zo da ɗalibanta, ta zauna a tabarma ta buɗe odinatar ta nuna mana shafin da take ginawa, wanda 'yan kasuwa za su duba: sunan mai gona, hoton itacensa, yawan abin da ya samu. Duk masu dabinon kwari suna wurin. Ibram, maƙwabcina, wanda gardama ce abincinsa, ya miƙe yana kakkaɓe riga.

"Hajiya, mu da ko surukinmu ba mu gaya wa yawan kayanmu, ki ce mu buɗe wa duniya? Bakin mutum ɗaya ya busar da itace. Wannan naki baki nawa ne?"

Wani ɗalibi ya yi dariya. Ta juya ta kalle shi kallo ɗaya, dariyar ta mutu. Ta ce masa, "In mutane suna tsoron ƙofar da ka gina, kai ne ba ka iya gini ba." Ni na ji da kunnena. Malamar jami'a ta rufe odinatar, ta ce mana aikin da ta kwana biyu tana yi bai yi ba, za ta rushe shi. Na yi shekara tamanin ban taɓa jin ɗan boko ya ce aikinsa bai yi ba.

Da ta dawo, babu suna, babu hoto, babu ƙirga. Lamba ɗaya ta ba mu. In naka ya nuna, ka hau tudu inda rezo yake, inda waya ke kamawa, ka buga ka kashe kafin a ɗauka, irin yadda muke wa 'ya'yanmu in babu kati. Shi ke nan. A shafin, sunan kwarin kawai zai koma ja. Na wa ne, nawa ne, babu mai sani.

Ibram ya ce, "Garbai, kai da kake cika baki, fara mana. In itacenka ya bushe, ni zan sayi icen."

Na ce, "Tanadi gatari, tsohon banza."

Na hau tudu da gwiwoyin nan nawa, na buga, na kashe. Na sauko ina jin kamar na yi wauta. Washegari kafin azahar sai ga ƙarar kamiyo a bakin kwari. Direban ya leƙo ya ce, "An ce nan ya yi ja. Ina mai kaya?" Innalillahi! Ban yi magana da kowa ba, mota ta zo tun daga Damagaram. Tanimu yana bisa itace, ya kusa faɗowa. Kafin la'asar Ibram yana kan tudu yana ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa.

Yabawa, ke ce kika saurari tsoron tsofaffi ba ki raina shi ba. Ke ce kika amsa tambayar da kika yi mini tun kina yarinya. 'Yar Modu, mai kunne kafin baki! Na gode, 'yata. Allah ya sa hutun ya yi albarka, ko da yake na san ba za ki zauna ba. Ku kuma 'yan boko masu odinatar, ku yi kamar ta: ku zauna a tabarma tukuna.

Wanda ke shakka, kada ya tsaya musu a tasha. Ya zo kwari farkon damina. Ya nemo mini itace ɗaya da ya bushe, ya nemo tsibin ruɓaɓɓen dabino ɗaya. In ya ɗaga kai zai ga Tanimu a sama yana sara. Ya hau ya gaya masa ubansa maƙaryaci ne, in yana da ƙafar hawa.