Fundi Shemweta da Motar da Ta Ƙi Hawa Tudu

Duk wanda ya saba bin hanyar Mombo zuwa Lushoto ya san rumfar kwanon nan da ke bakin titi a garin Soni. Nan Fundi Shemweta, wato makaniki Shemweta, yake isa kullum da sassafe, ya share gaban garejinsa da kansa, ya jera sifanu a kan buhu, sannan ya zauna ya sha shayin citta da mandazi, wani irin fanke, kafin motar farko ta tsaya. Ya tsufa a wannan rumfa. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, domin kunnensa ya yi nauyi, bayansa kuma ya gaji da sunkuyo.

Direbobi suna da labarai da yawa a kansa, amma wanda ya fi yawo a bakinsu shi ne na lokacin da ya kasa gane kan wata mota.

Tsohuwar mota ce mai injin dizal da turbo, wato na'urar da ke ƙara wa inji iska, ta Mama Mahija, wadda take tuƙa abarta da kanta. Ita ke kai kabeji da dankalin matan ƙauyensu kasuwa, ita ke ɗaukar marasa lafiya. Wata rana ta ɗauko mai naƙuda, suna isa wani tudu motar ta yi nishi, ta fesa baƙin hayaƙi, ta ƙi gaba. A kan ƙyauren ɗaki maza suka ƙarasa da matar asibiti. Uwa da jariri sun rayu, amma Mama Mahija ta iso gareji idonta jawur.

Fundi ya ta da inji, ya taka totur. Inji ya amsa garau. Ya gangara da motar zuwa Mombo, a shimfiɗaɗɗiyar kwalta ta yi ta gudu ba tangarɗa. Da ya juyo zai hau tudu a giya ta ɗaya, sai ƙarfi ya ɓace. Ya sauya matatar iska, ya sauya ta mai, ya kwance nozul mai fesa mai ya wanke. Ba abin da ya canza. Ya sauke turbo ɗin gaba ɗaya, ya juya shi, ya ƙura masa ido, ya same shi lafiya lau.

Nan fa masu zaman gareji suka samu abin yi. Wani ya ce gurɓataccen mai ne. Mai facin taya ya ce ƙafar direba ce. Wata mai sayar da ayaba ta ce a daina wahalar da ƙarfe, baki ne aka yi wa motar.

Mama Mahija ta kira shi Mzee, wato dattijo, ta ce, "Kowa ya ce turbo ne. Ka sa sabo kawai mu huta."

"Mama, idan na sa sabo ta sake tsaya miki da mara lafiya a ciki fa? Ni gaskiya ban gane ba tukuna."

"To idan kai ba ka gane ba, wa zan kai wa? Tela?"

"Kai masa, wataƙila ya fi ni. Amma ki bar min makullin."

Kwanaki suka yi ta tafiya, kabeji na ruɓewa a gona, ita kuma ta daina amsa gaisuwarsa da kyau. Matarsa ta ce har ugali, tuwon masararsu, yakan huce a gabansa yana zana tiyo da yatsa a kan tabarma.

A ƙarshe ya cire bonet ɗin, ya sa aka loda buhunan dankali, aka kai motar gindin tudu aka tokare tayoyin da duwatsu. Ya ce wa Mama Mahija ta sa giya ta saki kuloci a hankali, shi kuma ya tsaya a gefen injin. Tana saki, injin ya karkata gefe guda. Bai ji wani sauti ba, sai dai ya ga hannun rigarsa yana kaɗawa. Ashe robar da injin ke zaune a kai ce ta mutu. Duk lokacin da mota ta ja nauyi, inji ya karkata, sai ya buɗe wata tsaga a ƙarƙashin tiyon da ke kai iskar turbo. Da ya koma daidai, tsagar ta rufe ruf.

Ya sauya robar da tiyon, washegari motar ta haye tudun da cikakken lodi. Mama Mahija ta fito ta durƙusa ta yi masa shikamoo, gaisuwar girmama manya, kamar ƙaramar yarinya. Shi kuwa yana riƙe da tsohon tiyon yana jujjuyawa, yana cewa, "Sau nawa na shafa abin nan da hannuna? To yaya aka yi ban ji ba?" Har yau in an ta da zancen, tambayar da yake yi ke nan.

Fundi Shemweta, kai ne wanda ya yarda a yi masa dariya a gaban garejinsa, da dai ya sallami mota bisa zato. Kai ne ka tuna cewa ba dankali kaɗai motar nan take ɗauka ba. Mun gode. Allah ya ba ka lafiya da hutu mai daɗi.

Ku kuma matasan da za ku gaji rumfar nan, da duk mai sana'ar da rayukan mutane ke hannunsa, ku koyi faɗin "ban gane ba tukuna", sannan ku koma ku sake dubawa.