Huda Ɗaya a Katin Queralt

Lahadi ta uku ce a watan Oktoba. Ferran Vilalta ya tashi ƙarfe shida da kwata, kamar kowace ranar gasa. Ya dafa kofi, ya yanka burodi ya goga masa tumatir da man zaitun, ya naɗe guda uku a takarda: nasa, na matarsa Roser, da na 'yarsu Queralt. Sannan ya laluba aljihun rigar ruwansa ya tabbatar abin huda katin maki yana nan.

Ƙarfe bakwai Queralt ta iso daga Berga, inda take aikin likitan dabbobi. Shekarunta ashirin da tara. Babur ɗinta, Montesa ja, a garejin iyayenta yake kwana, don ɗakin da take haya a hawa na uku yake. Ta tura shi cikin motar kaya, ta ɗaure, ta danna tayar baya da babban yatsa.

"Iskar nan ta yi yawa, Papa. Ka sake taɓa mini ko?"

"Na auna. Daidai take."

"Kai kam ko miya ce sai ka auna ta. Yatsana ya ce ta yi yawa."

Ta rage iskar. Yana tsaye yana kallo.

Takwas da rabi suka isa gindin tudu. Kulob ɗinsu na tirayal ƙarami ne, mahaya ba su wuce arba'in ba, alƙalan kuma iyaye ne da kawunnai. A wannan wasa ba a tsere. A tsaye ake hawan babur, a bi ta kan duwatsu tsakanin tutoci, kada ƙafa ta taɓa ƙasa. Ƙafa ɗaya maki ɗaya, faɗuwa maki biyar, wanda makinsa ya fi ƙaranci shi ya ci. Taya ta goga dutse ba laifi, haka ma mataki, ƙarfen nan mai haƙora da ake ɗora takalmi a kai. Ƙafa ce kawai laifi.

Quim mahauci, sakataren kulob, shi ke raba wa alƙalai zango.

"Mai awo, na bakwai naka ne. Rafin." Ya juya wajen mahaya. "Jama'a, kowa ya yi ta kansa, Vilalta ne a rafi! Wannan ko Fada ne ya sa ƙafa da rigar cocinsa sai ya huda masa."

"Ni da na aure shi ma bai taɓa yafe mini ɗaya ba," in ji Roser, tana jera takardun sakamako a teburi. Aka yi dariya. Ferran ya ji daɗin maganar, kodayake bai nuna ba. Shekara talatin da huɗu yana aikin awon filaye, babu iyakar da ya shata aka dawo aka gyara. Akwai iyayen da kan kalli sama idan ƙafar ɗansu ta zame. Shi ba ya cikinsu, kuma yana so a sani.

Ƙarfe goma aka fara. Zango takwas ne, zagaye uku. Ruwa ya yi ƙaranci a shekarar, don haka duk sauran zangunan busassun duwatsu ne da ƙura. Na bakwai ne kaɗai a cikin rafi, ƙarƙashin inuwa, duwatsunsa lulluɓe da gansakuka. Ferran ya tsaya a gaɓar dama, inda rana ba ta shiga masa ido.

Sau biyu Queralt ta wuce ta tsakiyar ruwa ba ta taɓa komai ba. Sau biyu ta sunkuyo masa da katin da ke rataye a wuyanta ya huda sifili. A karo na biyu ya lura layin sifili ne kawai yake da huda tun daga sama. Ba a faɗin irin wannan kafin a gama.

A bangon garejinsu akwai wani tsohon kati a cikin gilashi, na Avi Bernat, mahaifin Ferran, daga wata gasa ta 1974 da ya hau babur ƙirar Bultaco. Sifili ne daga farko har ƙarshe. Shi kaɗai ne irinsa a gidan. Ferran ya yi shekara ashirin yana hawa bai samu ba. Roser ta taɓa kusa, kafin gwiwarta ta hana ta. Queralt kuwa tana da shekara bakwai Avi ya ɗora ta a kan ƙaramin babur a bayan gida, ya jera mata kututture uku. Kafin ta iya ninka lissafi ta iya tsayar da babur cik ba ƙafa a ƙasa, tana cin tuffa da hannu ɗaya. Ba ta taɓa son zama gwanar ƙasa ba. An neme ta ta shiga manyan gasa tana da shekara sha shida, ta ce ita shanu take so ta karanta. Lahadinta kawai take so, da abu ɗaya: ƙusa a gefen katin Avi. Ita ta buga ƙusar da kanta tana da shekara sha biyu. Shekara sha bakwai ƙusar tana nan ba komai a kanta.

Ɗaya saura minti goma ta iso rafin a zagaye na ƙarshe. Labari ya riga ya bazu. Waɗanda suka gama sun jingine baburansu sun taru a gaɓa, Quim ma ya baro teburinsa. Ta sauka ta taka zangon da ƙafa, hannu a ƙugu. Tayoyi sun caɓe tsakiyar ruwan, don haka ta zaɓi bi ta hagu, dab da babban dutse.

Ta shigo a hankali. Tayar gaba ta hau, ta baya ta ɗan zame. Abin da Ferran ya gani daga gaɓar dama shi ne: gwiwarta ta hagu ta yi ƙasa, babur ya karkata, an ji ƙarar gogayya, kuma da ta wuce sai ga wani zane fari a jikin dutsen inda gansakuka ta kankare. Jikin babur yana tsakaninsa da ƙafarta ta hagu. Abin da ya gani ke nan, babu ƙari.

Dokar da kowane alƙali ya sani ita ce, in kana shakka, mahayi ake ba gaskiya. Ya ba 'ya'yan mutane wannan gaskiyar sau ba adadi, har a safiyar ranar. Amma mutum talatin suna kallonsa, kuma 'yarsa ce. Ya ɗaga yatsa ɗaya.

Tafin da aka fara ya mutu. Ta tsaya a bakin fita, ta ɗaga gilashin hularta.

"Mataki ne, Papa."

"Na ga ƙafa."

"Ka gani?"

"Na gani."

Ba a gardama da alƙali. Shi ya koya mata. Ta sunkuyo da wuya, ya kama katin ya huda a layin ɗaya. Ta je zango na takwas ta yi sifili.

Biyu da rabi aka zauna cin abinci a ƙarƙashin itatuwa, ana gasa butifarra, naman nan da ake cusawa a hanji, ga kuma wake. Ita ta zo ta ɗaya a ajinta da maki ɗaya tak. Quim ya miƙa mata cuku da ƙaramin kofi na azurfa, yana cewa, "'Yar nan, ki canza uba kawai, ni ina nan." Ta yi dariya yadda ya kamata. Ta zauna a can ƙarshen teburi.

Ƙarfe biyar suka koma gida. Al'adar gidan ce a wanke babur ranar da aka hau shi, kafin kowa ya cire takalmi. Tun zamanin Avi haka ake yi. Ferran ya jawo tiyo. Queralt ta tura babur ɗinta cikin gareji da taɓonsa, ta jingine shi a bango, ta jefa katin a kan benci.

"Kada wanda ya taɓa mini shi. Ran Laraba zan zo."

Ta sumbaci uwarta a kumatu biyu. Shi kuma ta ɗaga masa hannu daga bakin mota.

"Sai Laraba, yallaɓai alƙali."

Ya ɗauka fushi ne. Ya ce wa Roser yarinyar nan ta girma amma ba ta bar shagwaɓa ba. Roser ta ce, "Ka kira ta." Ranar Litinin da rana ya ɗauki waya, ya duba sunanta, ya mayar aljihu. Ya ce Laraba ba nisa.

Ranar Talata, wajen sha ɗaya na safe, tana wata gona ta gama yi wa maruƙa allura, ta ce wa mai gonar kanta yana ciwo, ta zauna a kan damin ciyawa. Jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwarta, ranar ta rasu. Likita ya ce da raunin aka haife ta. Sau biyu Ferran ya tambaya ko hawan babur ne ya jawo, sau biyu aka ce masa a'a.

Wata biyar bai shiga garejin ba. A waje yake ajiye mota. Cikin watan Maris Roser ta ce, "Ferran, kayan nan ba za su raba kansu ba. Ni na yi ɗakinta. Gareji naka ne."

Ya fito da babur ɗin tsakar gida, ya haɗa tiyo, ya durƙusa ya fara daga ƙasa kamar yadda aka koya masa. Matakin dama ƙura ce kawai a jikinsa. Ya zagaya hagu. A tsakanin haƙoran matakin, ta gefen waje, gansakuka ce cushe, ta bushe ta yi ruwan toka, dunƙule guda kamar an danna ta da wuƙa. Bakin ƙarfen ya ɗan goge, yana ƙyalli.

Ya rufe ruwan. Mutum ne da ba ya yarda da abu ɗaya sai ya gwada shi da na biyu. Ya tuna zangunan ɗaya bayan ɗaya, babu mai gansakuka sai nasa. Ya tuna zagaye biyun farko, ta tsakiyar ruwa ta bi. Ya ɗauko takalminta na hagu ya juya shi, babu ko ɗigon kore a tafinsa ko a gefensa. Washegari ya auna tsayin matakin daga ƙasa, ya ɗauki magwajinsa ya tafi rafin. Gansakuka ta fara rufe zanen amma ana ganinsa. Ya auna, ya cire karkatar babur. Bambancin bai kai faɗin yatsa ba.

Sai a nan, a tsaye cikin ruwan sanyi, ya gane abin da ya hana ta wanke babur ɗin. Ta san ubanta. Ta san ba zai karɓi magana ba sai an nuna masa. Shaida ta ajiye masa zuwa Laraba.

Ya nuna wa Roser matakin. Ta daɗe tana kallo.

"Ai ta gaya maka," ta ce. Ba ta sake tayar da maganar ba.

Ya sami Quim a shagonsa yana sara ƙashi.

"Ina so a gyara sakamakon Oktoba. Zango na bakwai. Kuskurena ne."

Quim ya ajiye adda, ya goge hannu a gaban rigarsa. "Ƙorafi cikin rabin awa ake kawo shi, mai awo. Kuma mahayi ne kaɗai ke kawowa. Da hannunka ka rubuta mana dokar."

"Na sani."

"To amma ka ji. Littafin yana gidana. In ka ce in goge, yau zan goge. Wa zai ce uffan? Duk wanda ya buɗe baki ni da shi ne."

Ferran ya tsaya yana kallon ma'aunin nama. Ya ga yadda za a yi: a goge ɗaya a rubuta sifili, kowa ya kalli sama, don ta mutu. Ba irin wannan sifilin ta yi shekara sha bakwai tana nema ba.

"A'a. Bar shi yadda yake." Ya ciro abin huda kati daga aljihu ya ajiye a kan kanta. "Ka ba wani rafin."

"Haba, Ferran. Kai ne fa alƙalinmu da ba ya kuskure."

"Na ce na ga ƙafa, Quim. Ban gani ba."

Kayan likitancinta an mayar wa asibitin dabbobin da take aiki. Tufafinta Roser ta raba wa 'ya'yan 'yar'uwarta, ta riƙe rigar sanyi guda. Hula da takalma sun tafi kulob, inda ake ara wa masu koyo. Cukun da ta ciyo an same shi a firjinta an yanki kwata, Roser ta ce a zubar, Ferran ya zubar. Babur ɗin ya wanke shi tas, ya sa masa sabon mataki a hagu, ya ba wata malamar makaranta daga Gironella da ta daɗe tana hawan na aro. Ya gaya mata tayar baya ba ta son iska da yawa, ta gwada da yatsa.

Tsohon matakin bai wanke shi ba. Ya ɗaure shi da waya a jikin katin. A bayan katin ya rubuta da fensirin aikinsa: Zango na 7, zagaye na 3. Mataki ne, ba ƙafa ba. Kuskuren alƙali. Ya sa kwanan wata da haruffan sunansa. Hudar tana nan a layin ɗaya, ba yadda za a yi da ita.

Ya rataye su a ƙusar da ta buga, gefen katin Avi, ba tare da gilashi ba. Sai da ya ja baya ya lura ƙusar ta karkace, kuma ta fi ta Avi ƙasa da kusan tafin hannu, daidai inda hannun yarinya 'yar sha biyu ya kai. Guduma tana kan benci. Ya bar ƙusar yadda take, ya ja ƙofar gareji.